In inji ya mutu fa?

Hamdiyya ba ta da haƙurin bayani, kuma ba ta taɓa ɓoyewa ba. Lissafi take koyarwa a lise, wato makarantar sakandare, ta Gaya. In ta rubuta layi biyu a allo sai ta tsallake biyar, ta kaɗe alli daga hannunta ta ce sauran a fili yake. Ƴan lakwal, wato ƴan makaranta, suka laƙaba mata Madam A-fili-yake. Ta ji sunan, ta ce ya yi mata daidai.

Uwarta Asabe na da gonar shinkafa a bakin gulbi, cikin gonakin da koperatif, ƙungiyar manoma, ke ba ruwa da inji. Tata ce ta ƙarshe a wutsiyar kanal ɗin da ruwan ke bi, gadon mijinta. Doka ita ce ruwa ya bi layi, yau gonakin kai, gobe na biye, har a kai wutsiya a dawo. Duk da haka shinkafar Asabe rani biyu tana ƙonewa. Lawali shugaban koperatif ya ce in ta sake lalacewa bana, za a miƙa gonar ga mai iya nomanta.

Hamdiyya ta riga ta yanke hukunci. A ganinta dokar ba ta da aibu, Yacuba mai buɗe ƙofofin ruwa ne ke son kai. Ta faɗa a kasuwa, ta faɗa a gidan suna.

Ana haka taubashinta Siddo, mai koyar da aikin ordinatar, wato kwamfuta, a Yamai, ya zo hutu. Ya saurare ta yana cin dambu, ya tambaye ta hujjarta. Ta ce a fili take.

"To, baiwata, zan haɗa ki da wanda ya fi ki taurin kai," in ji Siddo.

"Bawa dai kai ne. Kawo shi in gani."

Ya sa mata wani porogaram mai duba hujjar lissafi a ordinatarta. Mutum ya rubuta mataki, shi kuma ya amsa nan take, ko ya karɓa, ko ya nuna abin da ya rage ba a tabbatar ba. Siddo ya ce ta rubuta dokar ruwan a ciki ta nuna kowace gona tana samun rabonta. In porogaram ɗin ya karɓa, shi da kansa zai raka ta ƙarar Yacuba.

Farkon koyon ya ƙona mata rai. A wannan salon ba a goge abu a sake rubutawa kamar a allo. Ana ƙera ƙananan ayyuka ne, kowane ya karɓi abu ya ba da amsa, kuma abu ɗaya amsa ɗaya yake bayarwa kullum. Ta fara da tara lambobi kamar ƴar aji ɗaya. Nuna cewa ƙara sifiri ba ya canza lamba ya ci mata yammaci guda. Ta kira Siddo a waya ta ce abin nan jaki ne. Ya ce jakin bai taɓa tsallake layi ba.

Bayan ƴan makonni hannunta ya faɗa. Ta rubuta aikin da zai karɓi gonar da ta sha yau ya ba da wadda za ta sha gobe. Don kada Siddo ya ce ta yi ha'inci, ta rubuta cewa rana iri biyu ce, wadda inji ya yi aiki da wadda ya tsaya. Sai porogaram ɗin ya ƙi aikin, ya nuna mata ba ta faɗi abin da ake yi ba bayan inji ya tsaya.

Ta buɗe baki za ta ce a fili yake, sai ta ga ba ta sani ba.

Ta tafi wajen uwarta. Asabe ta ce ai kowa ya sani, in wuta ta ɗauke ko inji ya lalace, ran da ya tashi daga kai ake farowa, tunda kanal ya bushe kuma gonakin kai ruwa ke fara tararwa. Haka aka gada. Ba wanda ya ɗauke ta doka, shi ya sa ba a ambatonta a taro.

Hamdiyya ta rubuta hakan. Hujjar ta ƙi rufuwa, kuma ta ga dalili: in inji na yawan tsayawa kafin layi ya ƙare, wutsiya na iya jira har abada ba wanda ya yi mata rashin gaskiya. Ta canza abu ɗaya, a ci gaba daga inda aka tsaya. Ta bi matakan ɗaya bayan ɗaya, har porogaram ɗin ya ce ba sauran abin tabbatarwa.

Ran taron koperatif ba ta je da ordinatar ba. Ta jera manoma a layi a gindin mangwaro, ta ba Yacuba buta yana zuba wa kowa ruwa a tafin hannu. Duk sanda ta ce wuta ta ɗauke, sai ya koma kai. Na gaba hannunsu ya jiƙe sharkaf, Asabe da maƙwabtanta hannu a bushe. Dariya ta fara, ta mutu. Wani mai gonar kai ya ce haka iyaye suka yi. Lawali ya ce lokacin iyaye inji sabo ne.

"Baba Yacuba, na ɓata maka suna a kasuwa," in ji Hamdiyya. "A kasuwa zan gyara."

"Ki zo da goro, Madam," in ji shi.

Aka canza dokar ran nan. Bana shinkafar Asabe ta yi kai har tana sunkuyawa, maganar karɓe gona ba ta sake tashi ba. Siddo ya ce nasararsa ce, Hamdiyya ta ce bawa ba ya da nasara.

Har yau tana tsallake layi a allo. Sai dai ran buɗe lakwal ta roƙi ƴan ajinta abu ɗaya: duk ran da suka ji ta ce a fili yake, wani ya ɗaga hannu ya tambaye ta, in inji ya mutu fa?