Faifan da Inna Ta Ƙwanƙwasa

Inna maginiyar tukwane ce. A ƙauyenmu, can bayan Tofa, da wuya ka sha ruwan randar da ba hannunta ya gina ba. Ranar gashi sai ta jera tukwane a rami, ta lulluɓe su da kara da ƙaiƙayi da busasshen kashin shanu, ta cinna wuta, ta tsaya cikin hayaƙin tana gyarawa. Haka ta yi shekara da shekaru, har tari ya zauna mata a ƙirji ya ƙi tashi.

Ni kuwa karatu ya kai ni jami'a a Kano, na shiga bincike kan wani ɗan faifai siriri. Wani farin gari ake kwaɓawa, a matse, a gasa. In faifan ya ɗauki zafi sosai, aka bi da gas ta fuska ɗaya, iska ta ɗayar, sai ya ba da lantarki, ba harshen wuta, ba hayaƙi. Gas ɗin ma ana iya samunsa daga kashin shanu. Burina ɗaya ne: Inna ta ga ya kunna ƙwan lantarki a ɗakinta kafin tarin nan ya ci ƙarfinta.

Da na yi mata bayani, dariya ta yi har ta sarƙe.

"Ashe duk bokon nan tukunya kika koma ginawa! Kawo mini shi in gani."

Na ji haushi. Ni da farar riga da na'ura mai auna zafi, a haɗa ni da ramin gashi? Na ce mata sai ya kammala. Gaskiyar magana, duk wanda na gasa lalacewa yake yi da an fara gwaji, kuma na kasa gane dalili. Damina biyu tana tambaya, ina kawo uzuri.

Sai da ta kwanta sosai na kai mata guda, a naɗe cikin auduga. Ta ɗora shi a kan yatsu uku, ta ƙwanƙwasa da farce kusa da kunnenta, kamar yadda take yi wa sabuwar tukunya. Ta sake.

"Wannan ai ya tsage ta ciki. Ba ki ji muryarsa a dushe ba? Kin yi gaggawar buɗe masa. Abin da ya sha wuta, barinsa ake yi ya huce don kansa, ko da zai yini biyu."

Haka ne kuwa. Takardun bincike sun faɗi lokacin hucewa, amma murhun gashin ɗaya ne, mu da yawa, kullum sai in rage sa'o'in don in ba wa na bayana wuri. Kunya ta kama ni, na kasa ɗaga kai.

Na koma na riƙa barin kowane faifai ya huce yadda ta ce. Na uku da na gasa bai tsage ba. Ya kunna ƙwan lantarki a ɗakin gwaji wata ranar Talata da hantsi, abokan aiki suna ta tafi. Kwana goma sha ɗaya ke nan da muka binne Inna.

Har yau in na fito da sabon faifai, sai na ƙwanƙwasa shi kusa da kunnena. Ba na jin komai. Ban taɓa zama ta koya mini ba.