Ranar da Maigida Ya Wanke Mini Ƙafa

Maigidana ya dawo daga makarantar horar da fastoci da akwati cike da littattafai da kuma wani sabon hali. Ba ka isa ka ce kana ƙaunar miyar kuka a gabansa ba, sai ya ajiye cokali ya tambaye ka wace irin ƙauna kake nufi, domin wai a Helenanci, harshen da aka fara rubuta Sabon Alkawari da shi, ƙauna iri-iri ce. Ni dai nakan ce masa ya ci tuwonsa kada ya huce. Mutumin kirki ne, ban taɓa musun wannan ba, amma in ya karanta abu ya shige shi, ba ya samun sukuni sai ya gwada shi a kan wani. Ni ce kuma na fi kusa.

An ba shi wata ƙaramar majami'a a gefen garin Kontagora, mai rufin kwano, tagoginta ba gilashi, suna kallon hanyar da ke zuwa kasuwa. Gidanmu yana bayanta. Maƙwabtanmu kusan duk Musulmi ne 'yan kasuwa, muna zaman lafiya, ana aiko mana da naman Sallah, mu aika da shinkafar Kirsimeti.

Tare da mu akwai Mama, uwar maigidan, wadda ta dawo wurinmu bayan rasuwar mijinta. Mutuniyar wani ƙauye ce can wajen Dukku ta ƙasar Rijau, Hausa ma a kasuwa ta koye ta. Ni tawa uwar ta rasu tun ina ƙarama, saboda haka da na shigo gidan, Mama ce ta zame mini uwa. Ita ta yi mini wankan jego, ita take goya yarana in na tafi taron zumuntar mata. Haƙoranta sun zube, sai nake tuƙa mata tuwon dawa mai laushi dabam. Ban taɓa ganin ta kai loma baki ba, akwai kunya tsakaninmu, a bakin ƙofarta nake durƙusawa in ajiye langa in tafi. Amma langar takan dawo a suɗe tas, in na zo ɗauka ta ce, "Hannunki da albarka, 'yata." Wannan kalmar ta fi mini sabon zane.

Wata damina maigida ya shirya makon ma'aurata. Kowace yamma yana koyarwa, maza a bencinsu na dama, mu a na hagu. Ya yi bayani a kan mutum na fari da matarsa, yadda suka zauna ba kunya a tsakaninsu har sai da suka yi zunubi suka nemi ganye. Ya ce yawancin abin da muke kira kunya tsakanin miji da mata ganyen nan ne muke ta ɗinkawa har yau. Ya ce a Ibrananci, harshen Tsohon Alkawari, kalmar da aka kira mace da ita ba ta nufin baiwa. Maza suka yi ta gyaran murya, mata suna rufe baki da gefen mayafi suna satar kallona. Ni kuwa na kafa ido a kan farcen hannuna, ina roƙon Allah makon ya ƙare lafiya.

Ranar Lahadi ta rufewa majami'a ta cika har waje. Ya yi wa'azi a kan yadda aka umarci miji ya ƙaunaci matarsa kamar yadda Almasihu ya ƙaunaci ikkilisiya, wato jama'ar mabiyansa, sannan ya karanta inda shi Ubangiji Almasihu ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa. Ina gyaɗa kai kamar kowa. Sai na ga ya tuɓe kwat ɗinsa, ya jawo wani baho daga bayan teburin wa'azi. Bahona ne, wanda nake wanki da shi.

"Uwargida," ya ce, "fito nan."

Na waiga bayana, ko da wata uwargidan. Matar da ke kusa da ni ta zungure ni da gwiwar hannu. Na tashi, ya nuna mini kujera a gaban jama'a, na zauna. Sai mutumin nan, fasto guda, uban yarana, ya durƙusa a kan siminti ya zare mini takalmi.

Ƙafafuna ba na nunawa ba ne. Ina da faso a dugadugaina wanda ya gagari man kaɗanya, shi ya sa ko a gida ba na zama ba silifa. An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, to amma ai mai cibin ke zaɓar ranar wankansa. Ni wani ya zaɓar mini. Na ɗaga kai kaɗan, na ga samari sun ɗaga wayoyi, na ga a taga wani ɗan kabu-kabu ya tsayar da babur yana leƙe, ya kira ɗan'uwansa. Wata a bayana ta rangaɗa guɗa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, gumi yana bin bayana, kunnuwana suna zafi.

Ruwan kuma da ɗumi. Ya riƙe dugadugina a tafin hannunsa yana cuɗawa a hankali, yana bin fason nan da yatsa ba tare da ƙyama ba. A tsakiyar wannan kunyar, ƙafafuna suka ji daɗi, daɗin ya hau har ƙirjina. A cikin karatun da ya yi ma akwai almajirin da ya ce shi ba za a wanke masa ba. Ni ban ce ba. Da ya gama ta dama, da kaina na miƙa masa ta hagu.

A nan ne Mama, wadda ke zaune a bencin gaba na mata, ta miƙe ta ja mayafi ta rufe fuska, ta bi ta ƙofar gefe ta fita.

Da rana na kai mata tuwo. Da yamma na je ɗaukar langa na ji ta da nauyi, na buɗe, tuwon yana nan yadda na kwashe shi. Na ce ko ba ta jin daɗi ne. Washegari ma haka. Daga nan sai na ga ta kafa duwatsu a bayan ɗakinta, ta samo wata 'yar tukunya tana dama kunu da kanta, hayaƙi yana sa ta tari. In na gaishe ta tana amsawa, amma idonta yana kan wuta, kuma kalmar "'yata" ta ɓace daga bakinta.

Ban gane kan zancen ba sai da na je wurin injin niƙa. Bidiyon ya riga ni zuwa. Ina ajiye kwanon dawa wata ta ce, "A ba ta hanya, kada ƙafar sarauta ta taka ƙasa!" Aka kwashe da dariya. Mai injin ma ya ce shi dai in matarsa ta ga abin nan ya shiga uku. Na yi yaƙe kamar abin bai dame ni ba, na ɗauki garina na dawo ta lungu.

Da hantsi sai ga maƙwabciyata, wata Hajiya mai sayar da atamfa, ta shigo ta ja ni gefen rumfa tana rage murya.

"Matar Fasto, don girman Allah ki taimaka wa 'yar'uwarki. Wa ya yi miki aikin nan? Ashe ku ma kuna da naku malaman?"

"Wane aiki, Hajiya?"

"Haba, kada ki raina mini hankali mana. A miya kika sa masa ko a shayi? Ni nawa Alhajin ko buta bai taɓa miƙo mini ba."

Na rantse mata ba komai, ta tafi tana cewa rowa ce kawai. Tana fita na tsaya ina kallon hayaƙin da ke tashi daga bayan ɗakin Mama. Ashe tsohuwar nan gani take na mallake mata ɗa, kuma tukunyata ce hanyar.

Ranar maigida ya ji bakina. Na same shi a cikin littattafansa na ce, "Ka tambaye ni kafin ka yi?"

"Da na tambaye ki, za ki yarda?"

"Ba zan yarda ba."

"Shi ya sa ban tambaya ba."

"Madalla. Ubangijin da kake koyi da shi a cikin ɗaki ya yi nasa, shi da mutanensa. A bakin hanyar kasuwa ya yi? In wanke ƙafa kake so, ga gida, ga baho, ga ni kullum. Ƙafata ce allon da za ka rubuta wa'azinka a kai? Yanzu ga shi ana kiran ka mijin-ta-ce, uwarka kuma ta daina cin abincina."

Ashe bai ma lura da zancen abincin ba. Ya ɗauki Littafi Mai Tsarki ya nufi ɗakin Mama. Ina jiyo shi daga madafa yana karanta mata wurin, yana juya shi da yarensu, yana nanata cewa ba wani magani, umarni ne a rubuce tun tuni, kowane miji aka ba. Na zaci hakan zai gyara. Da ya gama, abin da na ji ta ce kawai shi ne, "To." Bayan 'yan kwanaki ta ɗaure kayanta ta ce za ta je ta ga gona. Damina ta wuce ba ta dawo ba.

Da kaka na bar yara wurin ubansu na shiga mota zuwa Rijau, daga can na hau babur. Na tafi da garin dawa da daddawa da busasshiyar kuɓewa. Na tarar da ita a gidan ƙanenta, zaune a inuwar rumbu tana ɓarar gyaɗa, ta rame. Bayan gaisuwa na shiga madafarsu na tuƙa tuwo mai laushi irin nata, a gaban matan gidan don kowa ya ga abin da na sa. Na kawo na durƙusa na ajiye. Wannan karon ban tashi ba.

"Mama, Allah ne shaidata, ban sa wa ɗanki komai ba."

Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. "Na sani."

"Kin sani?"

"Da farko na zata. Amma ni na haife shi. Kansa dutse ne. Ba maganin da zai sa gwiwar nan ƙasa in bai so ba."

"To me na yi miki, Mama?"

Ta ɗago ta dube ni, abin da ba ta saba yi ba. "Ina kallon fuskarki ranar."

"Kunya ce ta kama ni."

"Da farko kunya ce. Da kika ba shi ƙafa ta biyu ba kunya ba ce."

Na sunkuyar da kai. Kunyar da na ji a majami'a wasan yara ce a kan wannan. Duk jama'ar nan sun ga fasona ne kawai, ita kuwa ta ga abin da ke cikina.

Can ta ce, a hankali, "Ruwan da ɗumi?"

"Da ɗumi, Mama."

"Shi ya ɗora?"

"Shi ya ɗora. Ban ma san lokacin ba."

Ta ajiye gyaɗar da ke hannunta. Ta ce uban maigidana dattijon majami'a ne a ƙauyen nan, bai taɓa fashin Lahadi ba, yana zama a gaba, kuma ya iya karatu. Ita take kai masa ruwan wanka bayan ɗaki tun tana amarya har ranar da ya kwanta ciwon ajali. In ta dawo daga gona da itace a ka, ƙaya a ƙafa, shi yana zaune da Littafin a cinyarsa.

"Yaron nan ya zo ya karanta mini," ta ce. "Ya ce a rubuce yake tun tuni. To in a rubuce yake, ashe ubansa ma ya gani." Ta goge hanci da gefen zane. "Da magani ne, 'yata, da ya fi mini sauƙi."

Na dubi ƙafafunta. Sun fi nawa faso nesa ba kusa ba, farcen babban yatsa ɗaya ya fita tuntuni, ƙasar gona ta zauna a cikin tsagar. An ba ni a gaban idonta abin da ita ba ta ma san ana bayarwa ba, ni kuma ina can ina jin haushin dariyar mata a wurin niƙa. Na tashi na koma madafa, na sirka ragowar ruwan zafi a ƙwarya, na zo na durƙusa a gabanta na kai hannu.

Ta janye ƙafafunta ta cusa su ƙarƙashin zane.

"Tashi, 'yata. Ba laifinki. Wanda ya kamata ya wanke su yana kwance a bayan majami'a."

Na daɗe a durƙushe da ƙwaryar a hannu har ruwan ya huce. Ita kuma ta kira jikokin ƙanenta, ta tura musu langar ta ce su je su ci, tuwon matar ɗanta ne, hannunta da albarka.