Jinjina ga Malam Ban-Yarda-Ba, Mai Koyar da Tsayuwa da Hannu

Kafin kowa ya iso, shi ke buɗe zauren motsa jiki. Da kansa yake shara, ya bi katifu ɗaya bayan ɗaya yana dannawa da ƙafa, sannan ya rataya igiyarsa mai ƙarfe a baki, irin wadda magina ke gwada miƙewar bango da ita. Shekara ashirin da bakwai yana koyar da tsayuwa da hannu, kai ƙasa ƙafa sama, kuma ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. Ɗalibansa na kiransa Malam Ban-Yarda-Ba, domin ko ka tsaya cak ana yi maka tafi, sai ya zagaye ka sau biyu yana harare-hararen kafaɗa da ƙugu, ya ce bai yarda ba, a sake.

Ni ma na daɗe ban yarda da shi ba. Ƙanena ya shekara uku a hannunsa, yana yin minti guda cur a kan hannu, amma rana tsaka Malam ya mayar da shi jikin bango kamar sabon shiga: a matse ciki, a ture ƙasa har kafaɗa ta taɓa kunne, ban da gantsarewa, kuma daƙiƙa goma kacal. Da sunayen masu zuwa gasa suka fito babu nasa, gidanmu ya ɗau zafi. Mahaifiyarmu ta ce akwai wanda ake share wa hanya. Matata ta ce kishi ne irin na tsufa. Ni kuwa na gano wanda aka zaɓa ɗan maƙwabcin Malam ne, na ƙulla abin a raina.

Na je zauren da shirin faɗa. Malam ya sa ƙanena ya shafa alli a tafukansa ya tsaya kan baƙar shimfiɗar roba, ya sauke igiya a gefensa. Ƙafafun sun karkata dama kaɗan. Da ya sauko, Malam ya nuna mini sawun tafukan: na dama cikakke, na hagu yatsu ne kawai.

"Yallaɓai, ƙanenka na ɓoye mana ciwo," in ji shi. "Sau uku ina tambayarsa, yana ce mini lafiya lau."

Ƙanena ya fara rantse-rantse. Malam ya kama wuyan hannunsa na hagu ya danna gindin babban yatsa, sai ga ƙato a durƙushe. Hoton asibiti ya nuna ƙashi ya tsage. Likita ya ce da ya je gasar a haka, da sai an yi masa aiki, ƙila hannun ba zai sake ɗaukar nauyinsa ba.

Da na koma ba Malam haƙuri, dariya ya yi, ya ce yayan da bai zo ya tuhume shi ba, shi ya fi ba shi tsoro. Maigadin zauren ya ƙara mini da cewa Malam ya taɓa tsayar da atisaye mako guda saboda ƙarar wani katako ba ta yi masa ba. Da kafinta ya ɗaga, gara ta cinye ƙarƙashinsa.

Malam, kai ne idon da tafi bai taɓa rufewa ba. Kai ne ka gwammace a zage ka a gidajen mutane da ka bar ɗan wani ya nakasa a gabanka. Mun zarge ka, ka shanye. Ƙanena ya warke, yanzu yana tsayuwa miƙe sambal, kuma da ya ji zafi shi ke fara faɗa.

Mun gode, Allah ya ba ka hutu mai albarka. Ku kuma da aka damƙa wa jikin 'ya'yan mutane, in ɗalibi ya ce muku lafiya lau, ku ƙara dubawa.