Haƙoran da Igiya Ta Ci

Shekarar da aka rufe boda, motocin Maraɗi suka daina wucewa, ita ce shekarar da na shiga ajin yaƙi da jahilci, don ɗinkin buhun da nake yi a kasuwar hatsi ta Jibiya ya tsaya cik. A ajin ne wasu likitocin haƙori suka same mu. Suka ce bincike suke yi kan yadda mutane ke tauna, wanda ya yarda ya matso.

Da aka zo kaina, wata likita ta ce in buɗe baki iya ƙarfina. Ta sa 'yar rula tsakanin haƙoran sama da na ƙasa, ta ce in karkata muƙamuƙi dama, in karkata hagu. Hagu ya ƙi, sai wata ƙara da na ji a gindin kunne. Sannan ta ba ni cingam mai launi biyu in tauna. Na abokin zamana, wani mahauci, ya fito a dame kamar fura. Nawa ya fito ja daban, shuɗi daban.

"Ko tsohuwar akuya ta fi ka tuƙa," in ji mahaucin.

Likitar ba ta yi dariya ba. Ta haska fitila cikin bakina.

"Baba, me kake cizawa a nan? Turamen hagu duk sun yi kwari."

Na gaya mata. Ɗinkin buhu aikin hannu uku ne, mu kuwa biyu Allah ya ba mu. Ɗaya ya kama bakin buhu, ɗaya basilla, igiya kuma haƙori ke jan ta har ƙulli ya zauna. Haka na tarar ana yi.

"Ka samo ɗan icce ka riƙa naɗa igiyar kana ja," ta ce. "In haƙoran suka huta, za su kai ka tsufa."

Na sassaƙa iccen da hannuna. Muddin kasuwa na kwance, na riƙe shi da gaskiya. Sai aka buɗe boda. Tireloli suka jeru, direbobi na ta danna oda, kafin in gama buhu ɗaya, mai ɗinkin da ke kusa da ni ya shiga na uku.

"Malam, ɗinki kake ko saƙa?" in ji mai kaya.

Bakina ya kama igiya ban ma ba shi izini ba. Ban san inda iccen ya faɗi ba.

Yanzu tuwo nake ci, mai laushi, da kunu. Abin da ya tafi kuwa ga shi: turame uku a hagu, ɗaya a dama. Goro, sai in an daka mini. Gasasshiyar masara ta farkon kaka. Soyayyen naman Sallah. Sai wurina a kwanon ƙofar gida, don maƙwabta kan wanke hannu ina kan loma ta biyu, na koma ci a ɗaki ni kaɗai.