Kafintan da Sunansa Ya Fita daga Rajista

Shekara tara na yi ina aiki a wata ƙaramar ƙungiyar taimakon jama'a da ke Kabong kafin a miƙa wa kwamfuta aikin rajistarmu. Ofishin ɗaki uku ne da baranda, a bayan wani gida mai katangar dutse. Aikinmu guda ɗaya ne: duk farkon wata mukan raba wa tsofaffi marasa ƙarfi maganin hawan jini da na ciwon suga kyauta. Wasu daga unguwar Katako suke zuwa, wasu daga unguwannin da ke gefen Titin Bauchi. Musulmi da Kirista benci ɗaya suke zama a barandar, kowa ya ƙudundune cikin rigar sanyi, ana hirar ciwon gwiwa.

Ni ce mai buga wasiƙu da haɗa rahoto. Rajistar kuwa tana hannun wani dattijo, tsohon malamin firamare, wanda kowa ke kira Malam. Babban littafi ne mai baƙin bango, kowane mutum da layinsa, kowane wata da gurbinsa. Wanda ya karɓi magani sai ya dangwala yatsa a gurbin. Kwana uku bayan rabo Malam yakan bi shafukan ɗaya bayan ɗaya. Duk inda ya ga gurbi fari, sai ya kwafe sunan a 'yar takarda ya jefa aljihu, ya hau tsohon babur ɗinsa ya je ya ga abin da ya hana mutumin zuwa. Ba wanda ya sa shi, ba ya kuma cikin takardar aikinsa.

Ni dai ba zan ɓoye ba, na tsani littafin nan. Duk bayan wata uku sai na yi kwana huɗu ina ƙirga dangwale don in haɗa wa masu ba mu tallafi rahoto, idona har ruwa yake yi. Saboda haka ranar da shugabarmu, wadda muke ce wa Madam, ta tara mu ta ce masu tallafi sun ba mu sabuwar manhaja, ni ce na fara yin murna. Ta ce manhajar za ta riƙa ɗaukar zanen yatsa, ta aika wa mutane saƙon waya ranar rabo, ta lissafa maganin da za a saya, ta kuma fitar da rahoto da kanta.

Malam ya ɗaga hannu kamar ɗalibi. Ya ce, "Madam, to wanda bai zo ba fa, wa zai gan shi?"

Ta ce, "Malam, kwamfuta yana ganin komai. Ba ya mantuwa kamar mu."

Muka yi dariya, har da ni. Wata biyu bayan haka aka yi wa Malam 'yar liyafar ban-kwana da lemo da cincin, aka ba shi bargo da agogon bango. Ba a ce an sallame shi ba, an ce lokacin hutunsa ya yi. Littafin aka sa shi a kwali aka ɗora bisa kabad.

Ni aka tura koyon manhajar, ni kuma na zauna na shigar da mutanenmu ɗaya bayan ɗaya. A cikinsu akwai wani tsohon kafinta daga kasuwar Katako, dogo, siriri, mai ciwon suga. Baba nake ce masa. Shi ya gyara mana ƙafar bencin baranda bai karɓi komai ba, kuma kullum ya zo akwai garin katako a naɗin wandonsa. Da ya ɗora babban yatsansa a kan na'urar ɗaukar zanen yatsa, sai ta ƙi karɓa. Muka gwada na hagu, muka gwada manuni, muka shafa ruwa, muka shafa mai. Duk a banza.

Ya duba tafin hannunsa ya yi murmushi. "Malama, kada ki wahalar da kanki. Shekara arba'in samfefa da gam suna cin hannun nan. Abin da injin ke nema ya daɗe da gogewa."

Manhajar tana da hanya ta biyu ga irinsu: a shigar da lambar waya, duk wata a aika saƙo, mutum ya amsa, sannan sunansa ya fito cikin jerin masu karɓa. Baba ba shi da waya. Ya ce in sa ta maƙwabcin rumfarsa, wani mai sayar da filanki, shi zai riƙa gaya masa. Layi ya yi tsawo a bayansa, iskar hunturu kuma tana kaɗawa. Na shigar da lambar na ce na gaba ya matso.

A takardar koyarwar da aka ba ni akwai wani sakin layi da ke cewa duk wanda aka aika wa saƙo sau uku bai amsa ba, manhajar za ta ɗauka ya ƙaura ko ya rasu, ta mayar da shi wani ɓangare na waɗanda suka daina zuwa. Na karanta shi. Har na ja masa layi da biro. Amma ban taɓa buɗe wannan ɓangaren ba, domin ba ya fitowa a fuskar allo sai an neme shi.

Aiki ya yi sauƙi, wannan gaskiya ne. Rahoton da nake kwana huɗu a kansa ya koma danna maɓalli ɗaya. Aka ba maigadinmu waya mai ɗauke da jerin sunayen ranar, yana tantance mutane tun daga bakin ƙofa, don a rage cunkoso a baranda. Ni kuma na koma ɗakin ciki, ba na ganin kowa sai wanda aka shigo da shi. Kowane wata allon yana nuna mini cewa duk wanda ke cikin jerin ya karɓi maganinsa. Madam ta yaba mini a gaban baƙi. Na ji daɗin yabon.

Haka aka tafi har tsakiyar damina. Wata Asabar na je sunan 'yar ƙanwata, ina fitowa sai ga Malam a bakin titi yana jiran ruwa ya tsagaita, ya rufe kansa da leda. Muka gaisa, ya tambayi mutanen ofis, sannan ya shiga tambayar tsofaffinsa ɗaya ɗaya kamar mai kiran sunan 'yan aji. Ina ta cewa lafiya lau. Da ya zo kan kafinta, sai na tsaya.

Ya ce, "Ƙafarsa fa? Lokacin da na bari akwai wani ɗan rauni a ɗan yatsan ƙafarsa da ƙusa ta ji masa. Na ce masa kada ya yi wasa da shi."

Na ce, "Malam, ina jin yana zuwa."

Ya dube ni. "'Yata, kina ji ne ko kin gani?"

Na yi masa sallama na wuce gida. Ranar Litinin tun kafin in ajiye jaka na kunna kwamfuta na nemi sunan Baba. Ba ya cikin jerin. Na lalubo wancan ɓangaren na buɗe, sai ga shi, da wasu mutum goma sha ɗaya a ƙarƙashinsa. Wata biyar ke nan da cire shi. Ba a sayi maganinsa ba, ba a kuma ƙirga shi cikin waɗanda suka rasa ba, domin a wurin manhajar ba ya nan balle a ce ya rasa.

Na fita na tambayi maigadi. Ya ce ya tuna dattijon, dogo mai hula. "Sau biyu ya zo, anti. Na duba waya, suna babu. Na ce masa oga sun ce sai wanda sunansa ya fito. Bai yi gardama ba, ya ce to, Allah ya kai mu wani watan." Ban ga laifinsa ba. Abin da muka ce ya yi shi ya yi.

Na hau keke napep zuwa Katako. Kasuwar ta jiƙe sharkaf, ƙamshin ɗanyen katako da taɓo sun gauraye, injinan yanka suna ta kuka. Na samu rumfar Baba a rufe, an jingina wasu ƙyauren da bai gama ba a jikin bango, ruwa ya fara kumbura su. Wani mai sayar da ƙusa ya gaya mini mai filankin nan ya koma garinsu tun kafin azumi, da wayarsa. Shi ya kwatanta mini gidan Baba, a wani lungu da ke gangarawa daga Titin Bauchi.

Matarsa ce ta amsa sallamata, tsohuwa gajeriya. Ta shigar da ni ɗaki. Yana kwance a kan katifa a ƙasa, an rufa masa zane. Tun daga bakin ƙofa na ga zanen ya kwanta a shafe a inda ya kamata ƙafar dama ta ɗaga shi. An yanke ta daga ƙasan gwiwa, sati uku da suka wuce. Ya rame har ƙasusuwan fuskarsa sun fito.

Ya gane ni. "A'a, Malama ce da kanta? Sannu da zuwa. A ba ta kujera."

Na durƙusa a gefen katifar. Na shirya maganganu a hanya, duk suka watse. Na ce, "Baba, me ya sa ba ka ce a kira ni ba? Ina ciki fa. Bango ɗaya ne tsakaninmu."

Ya ce, "To, Malama, abin kyauta ne. Mai ba ka kyauta in ya ce yau babu, ai ba ka tsaya masa a ƙofa. Na ɗauka an samu waɗanda suka fi ni buƙata ne."

Na gaya masa gaskiya. Na ce ba wanda ya fi shi buƙata, ba kuma wanda ya yanke shawarar cire shi. Lambar da na shigar ce, da ƙa'idar da na karanta ban kula ba. Ya mayar da idonsa kan silin. Matarsa da ke tsaye a bakin ƙofa ita ce ta yi magana, ba tare da ɗaga murya ba.

"Da can in bai je ba, mai babur yakan zo."

Baba ya ce mata ta bari, abin da Allah ya rubuta ba ya gogewa. Ita kuwa ba ta dube ni ba har na fita.

Likitan da ke duba mana marasa lafiya ya ce mini kada in ɗora wa kaina duka, irin wannan rauni yakan ci ƙafa ko ana shan magani. Wataƙila haka ne. Shi ma bai ce mini sama da wata biyar babu magani ba komai ba ne.

Madam ta yi kuka da na gaya mata, kukan gaske. Ta rubuta wa waɗanda suka ba mu manhajar, suka amsa bayan sati biyu cewa ana iya kashe wannan ƙa'idar, da ma zaɓi ne, mu ne ba mu taɓa shi ba. Aka kashe. Na je gidan Malam na roƙe shi ya raka ni neman sauran goma sha ɗayan, domin adireshin da ke kwamfuta sunan unguwa ne kawai, shi kuwa ya san ƙofar kowa. Bai ce mini ai na faɗa ba. Ya ɗauko makullin babur kawai. Cikin kwana shida muka samu takwas da ransu, biyu daga ciki jikinsu ya yi tsanani. Wasu biyu kuma muka tarar sun riga sun rasu. Wata tsohuwa mai sayar da gawayi kuwa har yau ba mu san inda ta shiga ba, maƙwabta sun ce wata rana dai suka ga ɗakin a kulle.

Na mayar da sunan Baba, na riƙa kai masa magani da kaina. Sau biyu kawai na kai. Ciwon ya haura sama da inda aka yanke, ya rasu wata Laraba da hantsi, kafin damina ta ɗauke.

Na je gaisuwa ranar uku. Mata sun cika tsakar gida a kan tabarmi, na samu gefe na zauna, na yi addu'a tare da kowa. Da na tashi tafiya, matarsa ta biyo ni har zaure da wata baƙar leda a hannu. Sauran maganinsa ne, ta ɗaure bakin da kyau.

Ta ce, "Ga shi, bai sha rabi ba. A ba wani."

Na ce, "Mama, ki yafe mini."

Ta gyara mayafinta. "Shi ya yafe miki tun ranar da kika zo. Ni ki ba ni lokaci."

Na karɓi ledar da hannu biyu. A bakin titi na daɗe tsaye, motocin haya suna wucewa suna watsa ruwan taɓo, kafin in tuna ranar aiki ce kuma ana jirana a ofis.