Kada Inna ta ji kafin in isa Kolofata

Da safen nan, ina shirin fita ofis, matar Malam Hamadu ta kira ni tana kuka. Ya yanke jiki ya faɗi bayan sallar asuba, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ɗazu muka dawo daga maƙabarta.

Ban so yin rubutu yau ba, amma na ga hotonsa ya fara yawo a WhatsApp, sai hankalina ya tashi. Don Allah ku karanta har ƙarshe, roƙo ne ya kawo ni.

Ga wanda bai san shi ba, Malam Hamadu shugabana ne a ofishin albashi na wani kamfanin sufuri a nan Garwa. Mu biyu ne kawai a ɗakin. Hutun shekara na kowa, konje kamar yadda muke cewa, ta hannunsa yake bi. Shi ke shigar da shi a lojisiyel, wato manhajar albashi da ke kwamfuta, ita kuwa ba ta san alfarma ba. In shekara ta ƙare ba ka ɗauki konjenka ba, ya ƙone ke nan.

Shi ya sa za ka gan shi a tasha yana bin direbobi ɗaya bayan ɗaya. "Kai Sali, mota ma ana kashe ta ta huce. Je ka ga 'ya'yanka kafin su fara kiranka kawu!"

Kiristocinmu ya dace musu da Kirsimeti, mu kuma da Sallah. Akwai wani direba ɗan garin Tinyer da kullum nasa ke faɗawa lokacin girbi, shi yana cewa sa'a ce. Ba sa'a ba ce, Malam Hamadu ne.

Sai dai akwai doka a lojisiyel ɗin: mutum biyu na ofis ɗaya ba sa fita konje tare. In ɗaya yana ciki, ba ta karɓar ɗayan. Bara da matata ta sha wuyar haihuwa, lokacin nasa ne. Ko tambayarsa ban yi ba, ya goge nasa ya sa nawa.

"Je ka, ƙanena. Nawa ba gudu zai yi ba."

Mutumin da ke korar kowa gida, shi ya daɗe bai ga nasa gidan ba. Mahaifiyarsa, Inna, tana Kolofata. Duk tashin hankalin da aka yi a can ta ƙi tasowa, ta ce inda aka binne mijinta nan za ta zauna. Shi kaɗai ya rage mata. Ga tsufa, ga hawan jini, ga ido da ya yi rauni.

Ranar Juma'ar nan na yi masa ganin ƙarshe. Ya juyo mini da kwamfuta yana dariya, sunansa ya yi kore, alamar lojisiyel ta karɓa, konjensa zai fara yau Litinin. Daga ofis muka biya kasuwar Rumde Ajiya, ya sayi maganin Inna da atamfa da busasshen kifi, yana ta ciniki kamar zai saye kasuwar. Sai ga kiranta ta wayar maƙwabciyarta, don ita ba ta riƙe waya. Ya buɗe sautin ina ji.

"Hamadu, yanzu ma maganar ce, ko zuwan ne?"

"Zuwan ne, Inna. Talata in sha Allah, ki ajiye mini tuwo."

Talata gobe ce.

Matarsa ta shiga takaba, ba ta da halin tafiya. Dattawan unguwa suka ce irin wannan labari ba a faɗa wa tsohuwa ta waya, sai mutum ya je, a tara limami da mata manya, a zaunar da ita. Inna ta san muryata, don haka aka ce ni zan je.

Daga maƙabarta na biya ofis in shigar da nawa konjen. Lojisiyel ta ƙi. Wai Hamadu yana hutu.

Na daɗe ina kallon koren sunan nan. Babu wata hanya, da hannuna na goge konjen da ya yi ta jira, sannan ta karɓi nawa. Wallahi ban yi kuka a maƙabarta ba, a gaban kwamfutar nan na yi.

Yanzu ga roƙona. 'Yan Kolofata da Mora da Marwa, da duk mai ɗan'uwa a can, don girman Allah kada kowa ya je wa Inna gaisuwa. Kada a kira maƙwabciyarta. Wanda ya sa hoton a status ya sauke shi zuwa gobe da yamma. Na san don ƙauna kuke yi, amma tsoro nake wata ta shiga gidan da salati ta same ta a bakin murhu, ba kowa kusa da zai riƙe ta.

Yau zan kwana a Marwa, gobe in kama hanyar Mora. Kun san hanyar nan da shingayenta, ban san ƙarfe nawa zan isa ba. Ledar kayan da ya saya mata tana kusa da ni. Har yanzu ban san abin da zan ce ba in ta ji sallama ta ce, "Hamadu ne?"

Ya Allah, bawanka ya hutar da mutane da yawa, ka hutar da shi. Ka yafe masa, ka haskaka kabarinsa, ka ba matarsa da 'ya'yansa haƙuri.

Ku yi masa addu'a, ku yi mini ta hanya. Inna kuma ku roƙa mata Allah ya riƙe zuciyarta, don na san yanzu haka tana can tana gyara masa ɗaki.