Ranar da Marigayi Ya Kai Ƙarshen Fim

A layin da shagonsa yake, tsakanin mai wanki da guga da mai sayar da batir, ba wanda ke kiransa da wani suna sai Marigayi. "Marigayi, an tashi lafiya?" Shi kuma ya ɗago daga kan agogon da yake gyarawa, gilashi maƙale a ido ɗaya, ya ce, "Lafiya lau." Gyaran agogo ne sana'arsa, amma mutuwa ce ta fito da shi duniya ta san shi. Shekara arba'in da ɗaya ya yi yana mutuwa a fim.

Farkon abin, masu shirya fim ne suka ari shagonsa za su ɗauki fashi. Wanda aka kawo ya yi gawa ya kasa daina atishawa. Sai darakta ya hango mai shago a kusurwa, ya ɗauke numfashi yana saka wani ɗan mitsitsin ƙusa da hantsaki, ko gashin idonsa ba ya motsi. Ya ce, "Malam, za ka iya yin haka a kwance?" Ya kwanta. Aka ɗauka, aka ci abinci, aka kwashe fitilu aka tafi. Sai da mai shara ta zungure shi da tsintsiya ya tashi, don ba wanda ya gaya masa an gama.

Daga nan babu irin fim ɗin da bai mutu a ciki ba. A na yaƙi ya mutu sau uku rana ɗaya, biyu a cikin namu, ɗaya a cikin abokan gaba bayan an sauya masa hula. A na soyayya shi ne uban da ke cikawa don 'yarsa ta sami dalilin rera waƙa a bakin kogi. A na 'yan sanda an zagaye jikinsa da alli har ya san titin da ya fi kowane zafi da tsakar rana. A na barkwanci firji ya faɗo masa. A na 'yan sama jannati wani ƙoren dodo mai ido bakwai ya haɗiye shi, dodon kuwa mai kyamara ne a cikin tsohuwar katifa. Maganarsa mafi tsawo a duk shekarun nan ita ce "Wayyo."

Bai taɓa raina aikin ba. Yakan ce wa sababbin shiga, "Ba da ka ake faɗuwa ba. Gwiwa ce ke fara sallama, kafaɗa ta bi ta, kai kuma ya iso daga baya kamar baƙon da ya makara."

Matarsa ce kawai ba ta taɓa ganin ƙarshen fim ɗinsa ba. Da ya faɗi, sai ta miƙe ta bar silima. Da tsufa ya zo, ganinta ya fara janyewa a hankali kamar ruwan rijiya da rani, likita ya ce ba dawowa zai yi ba. Wata safiya tana lalubar murfin buta ta ce, "Malam, na gaji da karɓar gaisuwarka. Kafin idon nan ya rufe, ina so in gan ka da rai har a kunna fitila. Sau ɗaya."

Ya sa takalmi ya tafi wajen wani matashin darakta mai shirya fim ɗin iyali, ya roƙe shi fitowar da ba mutuwa a ciki.

"Baba, ka rufa mini asiri," in ji daraktan. "Mutane tikiti suke saye don su ga yadda za ka tafi."

"Ɗana, wannan karon zama nake so."

Da ƙyar ya samu. Aka ba shi kakan da zai tsaya a ƙofa a fitowa ta ƙarshe, ya ɗaga wa jikarsa hannu za ta tafi makaranta. Shi ke nan aikin.

Ranar ɗauka, mai kwalliya ta shafe masa fuska da farar hoda kafin a tuna mata, mai kula da kaya kuma ya iso da farin ƙyalle a kafaɗa, ba wanda ya aike shi. Aka goge hodar, aka kori ƙyallen. Marigayi ya tsaya a ƙofa, matarsa na zaune a kujerar roba bayan kyamara.

Darakta ya ce, "Akshin!"

Gwiwa ta yi sallama.

"Baba, lafiya?"

"Yi haƙuri, ɗana. Da kanta ta tafi."

A karo na biyu aka miƙa masa kofin shayi don hannunsa ya sami abin yi. Ya kurɓa, ya dafe maƙogwaro, ya zame. A na biyar yarinyar da ke fitowa a jikarsa ta rungume shi, ya sulale a hannunta, ita kuma ta fashe da kuka mai kyau har mai riƙe da fitila ya share hawaye. A na tara aka ɗaure shi da bel a jikin ƙofa, ya mutu a tsaye, kai a langaɓe, kowa ya yarda bai taɓa yin mai kyau irinta ba. Rana ta fara sauka, darakta ya ce saura ɗauka ɗaya, in ba ta yi ba za a rubuta cewa kakan ya rasu.

Matar ta yafito darakta. "Zo nan, yaro. Kai ne ke kashe mini miji. Ka daina faɗa masa an fara."

Darakta ya je ya ce wa Marigayi kyamara ta lalace, ya ɗan jira a nan. Matar ta miƙe, ta bi bayan yarinyar, ta nufi hanyar fita ba mai yi mata jagora, tana taka wayoyin wuta. Marigayi ya miƙe ƙyam, ya ɗaga hannu sama yana kaɗawa da dukan ƙarfinsa. "Ke! Bi a hankali, akwai waya! Hagu! Hagunki!" Kyamara na ta aiki shiru. Daga baya aka cire muryar, aka sa sarewa.

Ranar da aka nuna fim ɗin, silima ta cika. Ga kaka a ƙofa yana kaɗa hannu, sarewa na tashi, sunaye suka fara hawa. Ba wanda ya motsa, kowa na jiran faɗuwa. Wani daga baya ya yi ihu, "Mai majigi, ka yanke mana fim!"

Matar ta kama hannun rigarsa. "Har yanzu kana tsaye?"

"Ina tsaye."

"Ka ga tsayi, ka ga kwarjini. Ashe haka kake da kyau cikin farin kaya."

Ya duba allon, ya dube ta. "Wannan ƙofar ce. Ni ne gajeren na gefe."

Aka kunna fitila. Ta gyara zama a kujerarta.

"To, tashi ka sayo mana tikitin ƙarfe huɗu. Kuma wannan karon ka nuna mini kai da wuri."